Sharhi: Garaɓasar 'yan sa'o'i a intanet, ina ribar take?

Na jima ina sayayya a irin shafukan nan da ke karya farashi na ɗan lokaci, su kafa agogo a sama yana ƙirga abin da ya rage. Ba sai na kama sunan wanda na fi shiga ba, domin halinsu kusan ɗaya ne. Ana samun rangwame na gaskiya, ban musa ba, amma sai ga wanda ya san kuɗin kayan tun kafin a fara shelar garaɓasar.

Asalin harkar ma ya nuna inda arahar take. Kamfanin vente-privee da aka kafa a Faransa a 2001 ragowar kayan manyan kamfanoni yake sayar wa mambobinsa cikin 'yan kwanaki. Woot na Amurka, da ya fito a 2004, da farko kaya ɗaya tak yake kawowa a rana. Daga baya ne manya suka mayar da abin biki: kamfanin Alibaba na China da ranar 11 ga Nuwamba tun 2009, Amazon kuma da Prime Day tun 2015. To, abin da ake son rabuwa da shi shi ne ake karyarwa da gaske: samfurin bara, launin da bai samu karɓuwa ba, kayan da suka yi kwantai a sito. A nan na ci riba. Na sayi na'urar sauraro ta kunne bayan sabuwarta ta fito, kuma har yau ban ga abin da sabuwar ta fi ta ba sai kwali.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tsohon farashin da ake ja wa layi a kai. Za a rubuta wani adadi mai tsoratarwa, a soke shi, a ce an sauke kashi 70 cikin ɗari, alhali da wuya a ce wani ya taɓa sayen kayan a wancan kuɗin. Na ga fitilar caji da aka ɗaga kuɗinta ana gab da garaɓasa, ranar kuwa aka mayar da ita inda take da, aka kira shi rangwame. Wannan dabarar ce ta sa Tarayyar Turai, tun 2022, ta wajabta wa mai shelar ragi ya auna shi da farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar a kwanaki 30 da suka wuce. Inda babu irin wannan doka, mai saye ne zai tsare kansa. Masu sayayya a Amazon suna da Keepa da CamelCamelCamel, masu nuna hawa da saukar farashi na watanni. A sauran shafuka hoton allo nake ɗauka tun da wuri, sannan in nemi lambar samfurin a wasu wurare in kwatanta.

Agogon kuwa, kada ya tayar wa kowa da hankali. Na sha ganinsa ya ƙare da dare, da safe ya sake sabon lale da farashin jiya. Haka ma "saura guda uku" da ba ya raguwa. Aikinsu kawai su hana mutum tunani.

Kuɗin gaskiya sai a shafin biya ake ganinsa, bayan an ɗora na aikowa da haraji, wani lokaci da na kwastam idan daga wata ƙasa kayan za su taso. Sau da yawa a nan ragin yake narkewa. Ina kuma duba wanda ke sayarwar, domin da yawa daga shafukan rumfa kawai suke bai wa 'yan kasuwa. Ra'ayoyin masu saye da suka ba kaya tauraro biyu ko uku, musamman waɗanda suka sa hoton abin da ya iso musu, sun fi mini amfani a kan yabon da aka jera kamar da baki ɗaya aka rubuta shi. Duk mai sayarwar da ya ce in tura masa kuɗi kai tsaye a wajen shafin, mun rabu ke nan.

Tufafi da takalma na daina saya a garaɓasa. Araha ba ta ado: yadin hoto daban, na hannu daban, awon kuma kowane kamfani da nasa. Matsalar ta fi tsanani wajen mayarwa. A Turai doka ta ba mai sayen intanet kwana 14 ya fasa cinikin yawancin kaya, amma a wurare da dama ƙa'idar shafin ce kawai, kuma akan rubuta da ƙananan haruffa cewa kayan garaɓasa ba a mayarwa. Shafin da nake amfani da shi yana karɓa, sai dai kuɗin ba ya komawa katin banki. A asusun shafin suke ajiye shi, da wa'adin kashewa, kuma kuɗin aika kayan yana wuyan mai saye.