Karaban ko mota mai ɗaki: wanne ya fi don yawon ƙauyukan Sikotland a ƙarshen Oktoba?

Malam, ka ce kai da uwargida da yara uku kuna son barin Manchesta ku yi mako guda a ƙauyukan Sikotland a hutun makaranta na ƙarshen Oktoba, kana tambaya ko ku yi hayar karaban, wato ɗakin kwana mai tayoyi, ku ja da motarku, ko ku ɗauki mota mai ɗaki wadda gado da kicin da banɗaki duk suna jikinta. Ka kuma ambaci North Coast 500, hanyar yawon buɗe ido da ke zagaye arewacin Sikotland.

Kafin a zo kan abin hawa, a duba lokacin. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Birtaniya, kuma daga ranar magariba na faɗuwa kafin ƙarfe 5 a wajejen birnin Inverness da ke arewacin Sikotland. Ga ruwa, ga iska, ga barewa da ke faɗowa titi da almuru. Daɗin abin shi ne ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke addabar mutane a watannin zafi sun tafi, cunkoso ya ragu, dazuzzuka kuma sun koma ja da rawaya. To amma wuni gajere ne, duk abin da zai cinye maka shi a kan titi hasara ce.

A nan karaban ya yi zarra. Ka isa sansani, wato filin da ake biya a kafa karaban a kwana, sau ɗaya, ka kwance shi daga mota, ka sauke ƙafafunsa huɗu, ka jona wayar lantarki, ka gangaro da durom ɗin ruwa, shi ke nan gida ya kafu. Motarka ta koma motarka. Da safe ku fita kallon dajin Hermitage kusa da Dunkeld, ku dawo ku tarar da tukunya a inda kuka bar ta. Mai mota mai ɗaki kuwa kamar kunkuru yake, ko burodi zai saya sai da gidansa a baya. Sai an naɗe gadaje, an adana buta da kofuna don kada su zube a kwana, an rufe gas, an zare waya, sannan a motsa. In ya shiga gari ma, wuraren ajiye motoci da dama suna da shingen ƙarfe a sama wanda doguwar mota ba ta shiga ƙarƙashinsa. Da yara uku da takalmansu jiƙaƙƙu, wannan harhaɗa kaya kullum shi ke fara jawo faɗa.

Sai dai daɗin karaban a tsaye yake, wahalarsa a tafe. Doka ta taƙaita mai ja ga mil 60 a awa a manyan hanyoyi da mil 50 a hanya mai falle ɗaya, kuma ba ya shiga layin dama a babbar hanya mai layi uku. Haramun ne mutum ya zauna cikinsa ana tafiya, ko yaro ne yake barci. Dole motar ta kasance da ƙugiyar ja da ƙarin madubai, kuma shawarar da ake ba sabon shiga ita ce nauyin karaban da kayansa kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar. Lasisi ba matsala ba ne: tun 16 ga Disamba 2021 mai lasisin ƙaramar mota na Birtaniya yana iya jan tirela har mai kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba. Amma takarda ba ta koya wa mutum ribas. Ka juya sitiyari dama, bayan karaban ya nufi hagu, ga maƙwabta a sansani riƙe da kofin shayi suna kallonka. Haka in babbar mota ta wuce ka a babbar hanyar M74 cikin iska, za ka ji bayan yana rangaji.

Mota mai ɗaki ba ta da wannan fargaba. In ba ta wuce kilo 3,500 ba, lasisinka ya isa, kuma wanda ya taɓa tuƙa bas ba zai ga baƙon abu ba. In ruwa ya ɓarke, ka tsaya a gefe, a ɗora shayi, a yi alwala da ruwan ɗumi ba wanda ya taka ƙasa. Abu ɗaya da mutane ke faɗawa ciki: yawan gadaje daban, yawan kujeru masu bel daban. Akwai mai kwanan mutum shida amma bel huɗu kacal. Ku biyar ne, ka tambaya kafin ka biya.

Batun sanyi duk ɗaya ne ga karaban da mota mai ɗaki. Ka nemi tukunyar gas ta furofen, domin butan yana daina tashi idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Ka kama fili mai tsakuwa da lantarki, kada ka yarda da ciyawa, don taya na nutsewa a caɓi. Sansanoni da yawa suna rufewa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, saboda haka ka kama wuri tun yanzu. Ƙungiyar Caravan and Motorhome Club, wadda aka kafa a 1907, tana da ƙananan filaye a gonaki masu ɗaukar karaban biyar kawai, amma na 'yan ƙungiya ne. Kada kuma a ruɗe ka da cewa a Sikotland ana kwana ko'ina. Dokar 2003 da ta ba jama'a damar shiga filaye ba ta haɗa da motoci ba.

North Coast 500 kam ka ajiye ta sai ranaku sun yi tsawo. Mil 516 ce daga Inverness zuwa Inverness, wurare da yawa titin na mota ɗaya ne mai 'yan lungunan kaucewa, kuma hawan Bealach na Bà da ke kaiwa Applecross ya kai mita 626, har da allon gargaɗi ga masu jan karaban da manyan motoci. In ka haɗa da zuwa da dawowa daga Manchesta, yaran ba abin da za su gani sai bayan kujera.

Da ni ne, zan bi M6 da M74, in tsaya a Gilasgo in cika firji da naman halal a unguwar Pollokshields, in hau A9 in sauka kusa da Pitlochry, daga nan mu riƙa fita muna dawowa. Wannan tsari na karaban ne, in har motarka tana da ƙugiya da ƙarfin ja. In ba ta da su, kada ka kashe kuɗin sawa don tafiyar mako guda. Ka tambayi masu haya, wasunsu sukan kai karaban har sansani su kafa, kai dai ka iso da motarka da bargunanku. In hakan bai samu ba, ɗauki mota mai ɗaki mafi gajarta da ke da bel biyar, ka tsaya a sansani biyu kawai.