Agogon DS3231 a kan Raspberry Pi 4: allo mai araha, direba mai tsari

Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 ba ta da agogon da ke riƙe lokaci idan wuta ta ɗauke; sai a Pi 5 ta 2023 aka saka shi. Ga wanda na'urarsa ke aiki inda wutar NEPA ke yawan yankewa kuma babu intanet, ƙaramin allon ZS-042 mai ɗauke da agogon DS3231 shi ne maganin da ya fi sauƙin samu. Kuskurensa bai wuce kusan minti 1 a shekara ba, muddin zafi na tsakanin digiri 0 da 40.

Wayoyi huɗu ne ke haɗa allon da filolin Pi: VCC zuwa fil na 1, SDA zuwa na 3, SCL zuwa na 5, GND zuwa na 6. A fayil ɗin /boot/firmware/config.txt a rubuta dtparam=i2c_arm=on da dtoverlay=i2c-rtc,ds3231, sannan a sake kunna na'ura. Umarnin i2cdetect -y 1 zai nuna UU a gurbin 68, alamar direba, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya karɓi agogon. Sai a saita lokaci daidai, a adana shi da hwclock -w, a cire fake-hwclock, wato agogon bogi na manhaja, don kada ya dinga cusa tsohon lokaci.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne direban Linux mai suna rtc-ds1307. Shi kaɗai yake kula da agogo iri-iri, DS1307 da DS1339 da DS3231 da wasunsu. Karanta lokaci da rubuta shi su ne ginshiƙi na kowa. Sauran baiwa kuwa, kowacce da ɓangarenta, ba ta tashi sai an tabbatar agogon yana da ita. Ma'aunin zafin da ke cikin DS3231 yana fitowa ta hwmon, ɓangaren Linux mai lura da ma'aunai, a fayil ɗin temp1_input, inda 31250 ke nufin digiri 31.25. Siginar 32kHz tana da nata ɓangaren, ƙararrawa ma haka. Idan an haɗa kernel, wato zuciyar Linux, ba tare da hwmon ba, zafi ne kawai zai ɓace, agogo na nan yana tafiya.

Shi ya sa sunan da aka rubuta a config.txt yake da nauyi. Wanda ya sa ds1307 a madadin ds3231 zai ga lokaci na aiki, ya ɗauka komai lafiya. Amma zafi ba zai bayyana ba, kuma direba zai zaci akwai ma'ajiyar bayit 56 daga adireshi na 8, alhali a DS3231 nan ne rajistocin ƙararrawa da na sarrafawa suke. Rubutu a wurin na iya dagula saitin agogon.

Aibin yana jikin allon. An saka masa diyod da resista don cajin batirin LIR2032, amma mutane CR2032 suke sakawa, wanda ba a cajinsa. A kan volt 5 batirin na iya kumbura. A tsaya kan volt 3.3, wanda shi ne ma ya dace da filolin Pi, ko a cire resistar da ke kusa da diyod ɗin. A kuma duba rubutun jikin agogon kafin a biya kuɗi: nau'in DS3231M bai kai nau'in DS3231SN daidaito ba.