Village Vanguard: ƙaramin ɗaki, babban kiɗa

Wanda ya ji irin sunan da Village Vanguard ya yi a duniyar kiɗan jaz zai ɗauka wani ƙaton zaure ne. Ina! Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa a unguwar Greenwich Village ta birnin Niyok, mai kusurwa uku, kujerunsa 123 kacal. Daga titi jar rumfa kawai za ka gani, sai matsattsen matakala da ke gangarawa ƙasa. Max Gordon ne ya buɗe shi a 1935, kuma da fari mawaƙan baka da masu barkwanci ne suka fi hawa dandalinsa, sai a 1957 ya koma gidan jaz sosai. Bayan rasuwarsa a 1989 matarsa Lorraine ta riƙe wurin har ta rasu a 2018, yanzu yana hannun 'yarsu Deborah.

Daren Litinin na je, kuma da gangan. Tun 1966, lokacin da babbar ƙungiyar makaɗa ta Thad Jones da Mel Lewis ta fara wasa a nan, Litinin ta zama ranar taron dangi: makaɗa goma sha shida kan dandalin da ko mutum biyar sai sun matsa wa juna. Na zaci ƙarar za ta fasa mini kunne, sai na tarar akasin haka. Idan masu busa suka ɗauka gaba ɗaya, a ƙirji kake jin abin, amma duk da haka kana tsinkayar yatsun mai bas, wannan ƙaton gogen da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa. Makaɗa da yawa suna danganta wannan da siffar ɗakin, domin dandalin yana can a matsattsiyar kusurwa, sauti kuma yana buɗewa zuwa ga jama'a.

Abin da ya fi kama ni shi ne lokacin da aka bar wa mai saksofon fili. Ba daga takarda yake karantawa ba, nan take yake ƙago abin da zai busa. Ya jefa gajeriyar jimla, mai ganga ya mayar masa, mai fiyano ya karkatar da ita wani wajen, kamar zabiya da 'yan amshinta, sai dai a nan 'yan amshin ma suna da ta cewa. Daga inda nake zaune ina ganin yadda suke haɗa ido kafin su juya kiɗan. A babban zaure wannan ba ya ganuwa, kuma a ganina shi ne abin da kuɗin tikitin ke saya.

Jama'ar wurin kuwa sauraro ya kawo su. Kafin a fara akan roƙi a kashe waya a daina hira, kuma ana bi. Bango cike yake da hotunan waɗanda suka yi wasa a nan. A wannan ɗakin aka naɗi kiɗan manyan makaɗan jaz a faifai: na Sonny Rollins a 1957, na John Coltrane a Nuwamban 1961, da kuma na Bill Evans a ranar 25 ga Yunin shekarar, kwana goma sha ɗaya kafin mai bas ɗinsa, Scott LaFaro, ya mutu a haɗarin mota.

Ga mai niyyar zuwa: ba a sayar da abinci ko kaɗan, tsohon kicin ɗin ma ya zama ofis da wurin hutun makaɗa, don haka ka ci ka ƙoshi tun daga gida. Bayan tikiti dole ka sayi abin sha ɗaya, kuma wanda ba ya shan giya, irina, lemo ya wadatar. Teburan ƙanana ne, gwiwarka za ta gaisa da ta maƙwabci, matakalar kuma za ta wahalar da mai ciwon ƙafa. Ana wasa sau biyu a dare, ƙarfe 8 da ƙarfe 10. Sayi tikiti ta intanet tun da wuri, sannan ka iso kafin a buɗe ƙofa, domin wanda ya riga zuwa shi ke samun kujerar gaba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 1, 2 ko 3 zai sauke ka a titi na 14, sauran tafiyar 'yar kaɗan ce a ƙafa.

Zan koma, amma a tsakiyar mako, lokacin da ƙaramar ƙungiya ke kama dandalin daga Talata zuwa Lahadi.