Gargaɗi ga masu tseren mota: an damfare ni dala 1,450 a kan tukwanen iskar naitiros

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, domin wani mutum da ke tallar kayan tseren mota na hannu a intanet, a nan yankin Dallas ta jihar Texas, ya karɓi dala 1,450 daga hannuna, ya ba ni tukwanen iskar naitiros guda biyu da babu komai a cikinsu sai ɗan ragowa, tare da kayan haɗin da za su iya halaka ni a cikin motata. Dala 1,450 ce, kuɗin da na tara da gumina a ƙarƙashin motocin mutane, kuma har yanzu tallarsa tana yawo da wani sabon suna.

Ni bakanike ne, kuma na daɗe ina shiga tseren miƙaƙƙen layi na rubu'in mil, saboda haka masu cewa rashin sani ne ya kai ni su dakata tukuna. Na san cewa iskar naitiros a matsayin ruwa take zama a cikin tukunya, kuma idan ta shiga inji ta ji zafin da ya kai wajen digiri 300 na ma'aunin Salshiyas sai ta rabu ta saki oksijin, wanda shi ne yake ba da damar ƙona ƙarin fetur a samu ƙarin ƙarfi. Na san cewa ana so matsin tukunya ya tsaya tsakanin 900 da 950 a ma'aunin matsi na psi a lokacin tashi, domin idan ya yi ƙasa fetur yakan rinjayi iskar mota ta yi nauyi, idan kuma ya yi sama iskar takan rinjayi fetur fistin ya narke. Shi ma mutumin ya san wannan duka, kuma da shi ya same ni.

A filin ajiye motoci na wani kanti muka haɗu da rana tsaka. Ya buɗe bayan motarsa, ga tukwane biyu masu cin laba goma-goma, ga bargon ɗumama tukunya, ga bututu, ga makunnan lantarki na iska da na fetur, ga na fesar share bututu, duk an jona su da batir don gwaji. Ya ce in ɗora hannuna a jikin tukunyar, na ɗora na ji ta da ɗumi, ya ce ya ɗumama ta ne domin in ga matsinta yadda yake a ranar tsere. Geji ya nuna 950. Ya danna maɓalli, farin tururi ya yi tsiri sama. Wannan minti ɗin nake ta maimaitawa a raina dare da rana: hannuna a jikin tukunya, allurar geji a kan 950, farin tururi, sannan na ƙirga masa dala 1,050 a hannu. Kafin ranar na riga na tura masa dala 400 na kafin alƙalami, domin ya ce akwai wani da ke son kayan. A cikin jimlar har da dala 140 da ya ce kuɗin cika tukwanen ne. Ya karɓi dala 140 kuɗin cika tukwanen da bai cika ba.

Abin da ya yi amfani da shi kuwa shi ne, geji ba ya faɗin yawan abin da ke cikin tukunya. Muddin akwai ragowar ruwan iskar, ko da kaɗan ne, zafin tukunyar ne yake ƙayyade matsin, ba yawanta ba. A digiri 21 na ma'aunin Salshiyas matsin yana kusa da psi 760, idan aka ɗumama ta zuwa wajen digiri 30 sai ya haura 900, ko tukunyar cike take ko saura kaɗan ta ƙare. Farin tururin ma bai tabbatar da komai ba sai cewa ruwan ya iso bakin bututu a wannan lokacin, domin aikin fesar ke nan: ta kori iska da tururin da suka taru a bututu, ruwa zalla ya tsaya a bakin makunni, yadda da an taka totur ƙarfin zai zo nan take. Laba ɗaya ta isa a yi wannan wasan a gaban mai saye. Sikeli kaɗai ke faɗin gaskiya, kuma na tambaye shi sikeli. Wallahi na tambaya. Ya ce ya manta shi a gareji, ya nuna mini rasit na shagon cika iska a wayarsa, ga kuma tukwanen a ɗaure tamau a mazauninsu da wayoyi ko'ina a jiki. Wane ne a cikinku zai ce a kwance wannan duka a tsakiyar filin kanti, bayan an nuna masa rasit?

Tun ma kafin mu haɗu, a waya, shi ne ya riƙa yi mini tambayoyi irin na wanda ya san sana'ar. Ya tambayi ƙarfin famfon fetur ɗina, ya tambayi ko na sa fulogi masu sanyi, ya tunatar da ni a ja lokacin tartsatsi baya da digiri biyu a kan kowane ƙarfin doki hamsin da aka ƙara. Ya yi ta ba ni labarin filin Texas Motorplex da ke Ennis da yadda simintinsa yake riƙe taya. Ɓarawon titi ba ya irin wannan magana, kuma duk bakaniken da ya ji ta zai ɗauka ɗan'uwansa ne a sana'a yake magana. Dala 400 ɗin ma bayan wannan hirar na tura.

Da na haɗa kayan a motata na gwada fesar a gida, farin tururin ya fito na ɗan lokaci, sai ya koma huci marar launi, allura ta yi ta faɗuwa ba ta dawo ba. Na kwance tukwanen na kai shagon da nake cika iska. Tukunya mai cin laba 10 idan tana cike nauyinta yakan kai wajen laba 25, amma ɗaya ta nuna laba 15, ɗayar kuma 16. Mai shagon ya juya tukunya ta farko ya nuna mini wuyanta, inda ake buga hatimin ma'aikatar sufuri ta Amurka da kwanan watan gwajin ƙarfi da ake sabuntawa duk shekara biyar. An goge wurin da injin gurza, an buga sabon kwanan wata da hannu, an shafa fenti a kai. Ya ce ba zai cika ta ba ko nawa zan biya, kuma gaskiyarsa ce.

Abin da ya hana ni barci ya fi kuɗin ma. A jikin bawul ɗin kowace tukunya akwai ɗan faifan kariya da aka yi domin ya fashe idan matsi ya kai wajen psi 3,000, iskar ta fice ta bututun da ke kai ta wajen mota, wanda dokokin NHRA, ƙungiyar da ke shirya tseren miƙaƙƙen layi a Amurka, suka wajabta idan tukunya tana ɗaki ɗaya da direba. A tukunya ta biyu an cire faifan, an toshe ramin da ƙusa mai ƙauri. Bargon ɗumamawar kuma, da na buɗe tef ɗin da aka naɗe wayoyinsa, na tarar an tsallake makunnin da ke yanke wuta idan matsi ya kai iyaka, an jona shi kai tsaye. Da na sa an cika wannan tukunyar, na kunna bargon ina jiran layi a ranar tsere, babu abin da zai kashe shi kuma babu ƙofar da iskar za ta bi, a bayan kujerar da nake zaune. Mutumin da ya san adadin digirin da ake jan tartsatsi ya san wannan sarai, kuma ya karɓi dala 1,450 ya yi mini fatan nasara.

Na kira shi a daren, ya ce zai dawo mini da dala 700, washegari ya ce 500, daga nan lambar ta daina shiga. A'a, kafin lambar ta mutu ya turo saƙo yana cewa ni ne na bar bawul a buɗe iskar ta tsiyaye. To hatimin da aka gurje fa, da ƙusar da ke ramin faifan, su ma ni na sa su? Rasit ɗin ma mai shagon da sunansa ke jiki ya ce ba irin takardarsu ba ce. Hotunan hirarmu duka suna wurina, da shaidar tura dala 400, da hoton sikeli, da na wuyan tukunyar, kuma zan saka su da zarar na rufe sunaye da lambobi, domin na kai ƙara wurin 'yan sanda, ba na son abin da zai ɓata binciken.

'Yan'uwa, ku tafi da sikelinku, ku duba hatimi da faifan kariya, kada ku tura kafin alƙalami, kuma a yi cinikin a shagon cika iska. Duk wanda ya ga tallar tukwane biyu masu cin laba goma da bargon ɗumamawa a yankin Dallas, ko shi ma aka karɓi kuɗinsa ta wannan hanya, ya aiko mini da saƙo in haɗa da ƙarar da na shigar.