Horo da koci ko wasan sakin jiki: wanne iyaye suka fi gamsuwa da shi?

'Yar uwa, kin ce ɗanki shekararsa 8, kuma cibiyar al'umma ta buɗe wa yara shiri biyu: horon ƙwallo a hannun koci, da kuma wasa kawai, manya na sa ido. Kina so ki san wanda iyaye suka fi jin daɗinsa. Na kai nawa duka biyun.

Na koci ne ya fi shan yabo, don ana gani a ƙasa. Akwai lokacin zuwa da na tashi, ana kiran suna, bayan 'yan makonni yaro ya iya tare ƙwallo, uwa ta san wahalar kai da ɗauko ba ta tafi a banza ba. Amma ƙorafinsa ma ya fi ɗaci. Kocin da hankalinsa ke kan cin kofi zai bar yaron da bai ƙware ba a benci mako bayan mako. Yaro kuwa ba zai faɗa miki ba, sai dai ciwon ciki ya riƙa tasowa duk ranar atisaye. Haka nawa ya yi ta yi, na daɗe ban gano ba.

Na sakin jiki kuma raina shi ake yi. "To me aka koya musu?" Guje-guje, ɓuya, zane, faɗa da shiryawa. Ni ma da farko ɓata lokaci na ɗauke shi. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana, kuma a idona mai guje-guje ya fi mai jiran layin buga ƙwallo haɗa gumi. Wasa ma haƙƙi ne, yana sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989. Matsalarsa ɗaya: masu sa ido. Babba ɗaya da waya a hannu ba zai iya da yara talatin ba.

In ni ce, ɗan shekara 8 zan fara masa da na sakin jiki, sai in shi da bakinsa ya nace wa ƙwallo. Kafin ki yi rajista, je ki zauna ki kalli zama ɗaya. Ƙirga manya da yara, ki tambayi wanda ya iya taimakon gaggawa, da yadda suke tantance mai ɗaukar yaro in an tashi.