Kafin ka kashe kuɗinka a kan ƙamus ɗin Scrabble

Wani ƙanina ne ya turo min saƙo jiya wai zai shiga Sabon Gari ya sayi dikshinari saboda abokansa na makaranta kullum sai sun cinye shi a Scrabble, wasan nan na jera haruffa a allo a haɗa kalmomin Turanci, da wasu ƴan guntayen kalmomi da bai taɓa ji ba, wai wanne zai saya. Na ce masa dakata tukun, kada ka je ka ɗauko wanda ba zai fidda kai ba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne jerin kalmomin wasan nan iri biyu ne manya. Akwai na Collins, kamfanin buga ƙamus na Birtaniya, shi ake amfani da shi a gasar duniya da Ingila da nan Najeriya, sannan akwai na Amurka da Kanada. Na Collins ya fi faɗi sosai, kalmominsa sun haura 270,000, kuma masu harafi biyu kaɗai 127 ne, na Amurka kuwa 107. To ka ga idan ka sayo littafin Merriam-Webster na masu Scrabble, wanda don Amurkawa aka yi shi, sai abokin wasanka ya ajiye maka ZO ya kwashi maki 11, ka ce ƙarya ne, ka buɗe littafinka ka rasa, alhali a Collins kalma ce halastacciya, wata dabba ce ta yankin Tibet da ake samu idan an haɗa saniya da yak, wani irin sa mai dogon gashi. Littafin ba shi da laifi fa, yana ba da ma'ana a taƙaice kuma bai cika nauyi ba, amma ba namu ba ne. Ni dai ba zan ba ɗan Najeriya shawarar sayensa ba sai in da ƴan Amurka yake bugawa a intanet.

Shi ma Collins ɗin sai ka lura don kashi biyu ne a kanti. Akwai wanda jerin kalmomi ne zalla babu fassara ko ɗaya, wannan na alƙalanci ne, a duba a ce akwai ko babu, shi ke nan. Akwai kuma mai ɗan bayani a gaban kalma. Idan kana son ka riƙe kalma a kai to mai bayanin ya fi, don wallahi abin da ka san ma'anarsa ya fi zama. QI ƙarfin rai ne a al'adar Sinawa, XU ƙaramin kuɗi ne na Vietnam, JO masoyi a bakin mutanen Scotland, AA wani irin dutse mai kaushi da aman wuta ke bari. Sannan ka duba shekarar bugu a bangon ciki, ana sabunta jerin lokaci lokaci, misali OK da EW da ZE sai a bugun 2019 suka shiga, tsohon bugu na gwanjo ba zai nuna maka su ba ko da mai shagon ya rantse maka sabo ne.

Mu Hausawa ma muna da ɗan sa'a a nan, abin har dariya yake ba ni. ZO, JA, KO, ZA, KA, TA, NA, MA, YA, BA, DA, MU duk Collins ya yarda da su, ma'anarsu ce kawai daban, ZA ɗin gajeren sunan pizza ne, MU harafin Girkanci. Amma kada ka zaƙe ka ce ai duk namu yana shiga, KU da SU da NI da CI babu su. Kuma babu kalma mai harafi biyu da V a ciki, kada ka ɓata lokacin nema.

To Oxford Advanced Learner's ɗin da muka yi sakandare da shi fa? Wannan idan Turancin kake son ka iya, don WAEC ko JAMB ko rubuta wasiƙar neman aiki, shi ne zaɓi, yana nuna maka yadda ake furta kalma da yadda take zama a jimla. Amma a teburin Scrabble gardama kawai zai jawo, yawancin waɗannan ƙananan babu su a ciki. Haka shi ma ƙamus ɗin Scrabble ba zai koya maka Turanci ba, ba za ka taɓa shiga intabiyu ka ce XU ba. Sai ka tsaya ka tambayi kanka wanne kake nema.

Sai na waya da kwamfuta, kuma nan ne na fi karkata ga mai ƙaramin ƙarfi. Zyzzyva manhaja ce ta kwamfuta kyauta da ƴan gasa ke bita da ita, tana hargitsa maka haruffa ka nemo kalmar. Woogles shafi ne da ake buga wasa kyauta kuma za ka iya zaɓar Collins kafin a fara. Words With Friends kuma daɗi gare shi amma jerinsa daban makinsa daban, idan ka saba da shi sai ya ɓata maka lissafi ranar da ka zauna gaban allo na gaske. Matsalar su duka dai data da caji, littafi ba ruwansa da ɗauke wuta.

Kada ka raina gajerun nan. Z da Q maki 10 kowanne, J da X takwas, idan ka ɗora X a gidan da ke ninka harafi sau uku ta karanta ta kwance da ta tsaye, harafin kaɗai ya ba ka 48. Wellington Jighere ɗan jihar Delta da ya ci kofin duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, da jerin Collins ya buga.

Shi dai ƙanin nawa abin da na ce masa, ya ajiye kuɗinsa wannan watan, ya kwafe 127 ɗin nan a falle ɗaya ya manna a bango kusa da katifarsa, goma goma kullum da ma'anarsu. In ya haddace su ya zo mu buga, in ya cinye ni ni zan saya masa Collins mai bayanin.