Shagon gwanjon da ke sa wa taragun tanki kuɗi da girman jiki

A Tsohuwar Kasuwar Gusau akwai wani shago da ke sayar da kayan wasan yara na gwanjo, irin waɗanda ake kwance dilarsu daga Turai: motoci, 'yar tsana, jirgin sama mai fiffike ɗaya. Duk mai tara ƙananan taragun jirgin ƙasa ya kamata ya san da shi, ko da yake mai shagon kansa bai san yana sayar da su ba. A wurinsa duka "motar yara" ce. Ni gyaran agogo nake yi, ido da hantsaki su ne jarina, kuma abin da nake tarawa guda ɗaya ne: taragun tanki, masu ɗaukar fetur da kananzir, na ƙaramin ma'aunin da ake kira N.

Tsarin farashinsa shi ne babban dalilin zuwa. Alhajin da girman jiki yake sa kuɗi. Babban tarago na ma'aunin HO, wanda aka rage sau 87 daga na gaske, yana ɗaga shi sama ya yi masa tsada, ko da sabon ƙira ne marar daraja. Ƙaramin N kuwa, da aka rage sau 160, tsawonsa santimita 5 zuwa 6, sai ya watsa shi cikin kwandon tarkace tare da ƙafafun motoci da kawunan 'yar tsana. A cikin kwandon nan na tsinci tanki mai rubutun Shell da wani mai Esso, dukansu ƙirar Arnold, na biya naira 1,500 kowanne. Da ya ga ina juya su da tabarau sai ya ce, "Malam, wanga ɗan mitsitsi mi za ka yi da shi? Ɗauki babba ka kai ma ɗiya." Na ce masa, Alhaji, ai wannan na uban ɗiyan ne.

Arnold kamfani ne na birnin Nurambag a Jamus, kuma shi ya fito da wannan ma'auni a farkon shekarun 1960, da layi mai faɗin milimita 9. In ka kifa taragon za ka ga sunan kamfanin a ƙarƙashi. In an rubuta Jamus ta Yamma, to an yi shi kafin haɗewar ƙasar a 1990, ka ga ko ba kwali ko takarda ka san ka riƙe tsohon abu. Wani lokaci Minitrix da Fleischmann na faɗowa, su ma na Jamus, da Lima ta Italiya. Na Amurka ba su cika zuwa ba, tunda dilar ta Turai ce. Gane su ba wuya: tsofaffin na Turai gajeru ne, ƙafafu huɗu, da 'yan turakun kare karo a gaba da baya, wasu har da ɗan ɗakin mai birki a gefe guda. Na Amurka dogaye ne, ƙafafu takwas, ba turakun, da haruffa irin UTLX ko GATX na kamfanonin da ke ba da hayar tankuna. Tulluwar da ke saman tsofaffin tankuna ba ado ba ce, wuri ne da ake bar wa mai ya kumbura in rana ta dake shi. Akwai mai tulluwa uku, alamar an raba cikinsa gida uku don ɗaukar kaya daban-daban. Irinsa nake nema har yanzu a kwandon.

Inda shagon ya gaza, a ajiya ne, kuma tanki ya fi kowane tarago shan wahalarta. Taragon kaya mai rufi akwati ne kawai, ko an jefa shi ba abin da zai karye. Tanki kuwa yana da tsani, da dandamalin tsayawa kusa da murfi, da ƙarfen dafawa da ya zagaye shi, duka da roba siririya kamar tsinken tsintsiya. Yaran shago da hannu biyu suke kwasar kayan su zuba a buhu da yamma, da safe su juye. Mafi yawan tankunan da na gani a wurin ba tsani, wasu an ɓalle musu ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago. Sannan kwandon a bakin ƙofa yake, rana na dukansa tun hantsi, ga zafin bazarar garin nan. Roba tana lanƙwashewa, jan fenti ya koma fari-fari. Na roƙi Alhajin ya mai da kwandon inuwa, ya ce in ya shiga ciki wa zai gani ya saya. Yana da gaskiyarsa ta ɗan kasuwa.

Saboda haka sai ka duba da kanka, don ba a mayar da kaya. Ka ɗora taragon a kan gilashin wayarka ka tura shi da yatsa. In ya yi rawa ko ya karkata, ƙasansa ya lanƙwashe. Ka taɓa ƙugiyar ka ga ko tana ɗagawa ta koma. Wannan ƙugiya mai kusurwa huɗu ita ake kira Rapido, Arnold ne ya ƙirƙiro ta ya bar sauran kamfanoni su yi amfani da ita, shi ya sa taragon Minitrix ke kama na Lima ba gardama. Ta yi girma in an gwada da ta jirgin gaske, masu son kamanni sukan cire ta su sa ta kamfanin Micro-Trains. Ni ban cirewa. Tsohon abu da ƙugiyarsa ta asali ya fi mini. In ƙasan taragon na ƙarfen zubi ne, ka duba ko ya yi tsage-tsage yana kumbura. Ciwo ne da ke kama tsohon zubin tutiya in an gauraya shi da datti tun a masana'anta, danshi na ƙara masa gudu, kuma ba shi da magani. Wannan ko kyauta aka ba ka, na kayan gyara ne.

Wanki kuma kada wanda ya kusanto da fetur ko sinadarin narka fenti, zai cinye rubutun har da robar. Ruwa da ɗan sabulu da buroshi mai laushi sun isa. Man keken ɗinki ma ban yarda da shi a kan roba ba. Gam mai kamawa nan take yakan bar farin tabo a jikin baƙin tanki, sai dai a ɗiga shi da bakin allura.

Wani maƙwabcina ya tambaye ni ko waɗannan su ne irin taragun da ke bin layinmu na da, wanda ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙaura Namoda a 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga da fatu. Ba su ba ne. Faɗin layinmu milimita 1,067 ne, shi kuwa milimita 9 in ka ninka sau 160 yana ba ka kusan 1,435, wato faɗin layin Turai da sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Sunayen dai, Shell da Esso, dattawanmu sun san su a gidajen mai, wannan kaɗai ne dangantakar.

Layi da kan jirgi ba a cika samu a shagon ba, in ma an samu kan jirgi to da wuya ya tashi. Ga wanda ke son ya ga jirgi na zagayawa a tebur, nan ba wurinsa ba ne. Ga mai tara taragu a akwatin gilashi irina, wurin ya biya, in dai ka je ranar da aka kwance sabuwar dila, kafin kayan su kwana a buhu. Ka yi sabo da babban yaron shagon, ka bar masa lambarka da ɗan na goro, ka nuna masa hoton tanki a waya don ya san abin da zai ware. Nawa yanzu a gwangwanin madara yake ajiye mini su, an naɗe kowanne da takarda, ko da yake rabin abin da yake warewa tankokin mota ne.